Bangon Zauren Yari Mai Gawayi

Yari mutumin Furfuri ne, kuma ba don hannunsa da ba ya zama wuri ɗaya ba, da babu abin faɗa a kansa. Itace yake ƙonawa, ya ɗora wa jaki buhunan gawayi, ya kai wa maƙera da masu guga a Gusau. Guntayen da suka rage kuwa, bangon zaurensa ke shan su. Can za ka ga Dodo ya yi tagumi kamar wanda aka yi wa rasuwa, ga 'yar ruwa tana kuka, ga wani aljani ya yi murmushin mugunta. Abin da ya ɓata lamarin, kowace halitta sai ka ga kamar ka san mai fuskar. Mutane kan saci kallo su ƙara sauri.

Matarsa Lantana ta yi magana har ta gaji.

"Malam, ka bar wanga abu. Mutane na ƙus-ƙus."

"Gawayi na fa, Lantana," in ji shi. "Mi gawayi ka yi ma mutum?"

A shekarar Udoji, da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, maƙwabcinsu Buba ya kwanta, zazzaɓi har da sambatu. Wata tsohuwa ta leƙa zauren, ta rantse idanun Dodon nan na Buba ne sak. Kafin la'asar kalmar da Lantana ta fi tsoro ta zaga gari: maye. Wai ya kama kurwar Buba ya manna a bango. Sunan nan in ya kama gida ba ya saki. Ba mai cin tuwonsu, ba mai neman auren 'ya'yansu, har jikoki.

Dattawa suka zo suka ce ya goge zanen, sannan ya tsallake majinyacin, yadda ake sa maye ya saki wanda ya kama. Lantana ce ta matsa masa.

"Yi abin da suka ce, su gani ba ka da komi."

Ya wanke bangon, ya je ya tsallake Buba, jama'a na kallo. Sai a hanyar gida hankalinta ya ba ta abin da ta jawo: mijinta ba zai wanku ba sai in Buba bai tashi ba. Ta tsorata da abin da zuciyarta ta fara fata, ta yi ta istigfari.

Da safe Buba ya tashi zaune ya nemi kunu. Allurar da ƙanensa ya kai shi Gusau aka yi masa shekaranjiya, babu wanda ya tuna da ita. Lantana ta tuna, don a gabanta aka sa shi a mota. Ta faɗa wa kanta allurar ce ta tashe shi, ba tsallakewar ba.

Da ta kawo wa Yari fura, ya ɗago ya ƙura mata ido, yana neman mutum ɗaya da ya yarda da shi. Kafin ta ankara, hannunta ya ja mayafi ya rufe fuskarta.