Ranar da Yaya Sha'aibu ya ƙi shan ruwan gidan likita

Shekara tara ke nan da muka kai wana, Yaya Sha'aibu, makwancinsa, Allah ya jiƙansa. Na so in bar ranar ta wuce da addu'a kawai, amma satin jiya na ji abin da ya hana ni yin shiru. Ina tashar albasa a Malbaza ina jiran lodi, wani ɗan siyasa na zancen yajin aikin likitocin da ake ciki yanzu, sai ya ce shugabanni su tsaya kan bakansu, kada su yi irin ta Sha'aibu. Wai sunan wana ne ya zama misalin ragwanci!

To, bari in faɗa muku ta Sha'aibu.

Lokacin shi ne magajin garin kwamin ɗinmu, wato ƙaramar hukumarmu. Likitocin gwamnati suka shiga yajin aiki tsakiyar damina, sa'ad da masassara ke kayar da yara. Amalanken jaki su zo daga ƙauyuka, su tarar da asibiti a kulle, su juya. Manyan jam'iyya suka bugo masa waya, wai ya nemi jandarma a fito da likita da ƙarfin tsiya. Ya ce musu jandarma na iya kawo mutum buro, wurin aikinsa, amma ba ya iya sa shi ya duba yaro da zuciya ɗaya.

Sai ya ce in ɗauke shi a moto, babur ɗina. Na zaci wurin prefe, wakilin gwamnati, za mu, ashe gidan Likita Haruna ne, mutumin Damagaram, wanda a haife Yaya ya haife shi. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo ruwa da fura. A ƙasarmu, in dattijo ya tako gidanka ya ƙi shan ruwanka, ya ɗora maka nauyin da ba ka saukewa sai ka biya masa buƙata. Yaya ya ture ƙwaryar gefe, ya sauka daga tabarmar, ya zauna a ƙasa.

"Ba ni shan ruwan gidanka, ɗana, sai ɗiyan mutane sun ga magani."

Magajin gari guda, da farar rigarsa, zaune cikin turɓaya! Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Likitan ma ya rikice ya durƙusa, amma bai ba da kai haka nan ba. Ya ce babu magani, babu wuta, firij ɗin allurai ya mutu tun bara, kuma in ya buɗe, ƴan sandikarsa, wato ƙungiyar likitoci, za su ce ya ci amanarsu.

"Baba, ni zan ajiye nawa. Kai me za ka ajiye?"

Suka yi ta ja har rana ta take. Ƙarshe suka tsaya a kan likita zai riƙa duba yara masu masassara da mata masu naƙuda kawai, yaji na nan yadda yake. Yaya kuma zai shiga rediyon gari ya faɗi da bakinsa cewa likitoci ke da gaskiya, hukuma ta sani ta yi kurum. Sannan ya sha furar, ta riga ta yi tsami.

A hanya na ce masa ya kashe kansa a siyasa. Ya ce ya sani, wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Washegari ya faɗa a rediyo, ba kumbiya-kumbiya, aka buɗe ƙofar asibitin. Jam'iyya ba ta sake tsayar da shi ba, masu cika masa zaure suka watse. Likita Haruna kuma abokan aikinsa suka juya masa baya, har ya nemi canjin wuri. Yaya ya koma gonarsa ta gero har rasuwarsa, ban taɓa jin ya yi da-na-sani ba.

Da zai ɗago ya ga yau, me zai ce? Ban ce likitoci ba su da hujja ba, abin da suka koka a kai tun wancan lokaci har yanzu yana nan. Abin da ke ba ni tsoro, kowa ya ga yadda mutanen nan biyu suka ƙare, ya ɗauki darasin a baibai. Mai riƙe da gari na tsoron na sama da shi, likita na tsoron sandika, sai zage-zage a waya. Mu da aka koya wa cewa durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, yau mu ke yi wa mai durƙuso dariya.

Babu titi ko lakwal, wato makaranta, mai sunan Yaya. Abin da ya bari, yaran da suka tashi daga waccan masassara ne. Sun girma, wasu har da aure, ba su ma san an taɓa zama a ƙasa dominsu ba.

Yau da safe na bi ta ƙofar asibitinmu, a kulle take. Wata mata na zaune a gindin bango da yaro a cinya, tana yi masa fifita da bakin zanenta. Ta ce, "Baba, ko ka ji wani babba ya tai wurin likita?"

Na ce mata ban ji ba.