Malisebo da Hannun Aro

A ƙauyenmu, nan saman tsaunukan Mokhotlong, in ka ga jariri a bayan uwarsa, ɗaga bargo ka dubi kansa. In hular ta zauna daram kamar da ita aka haife shi, to aikin Malisebo ne. Matata ce, kuma ba don tawa ce nake yabonta ba, don a cikin gida ba yabo ne ke haɗa mu ba. Ni ne Mokete. Na ƙarar da ƙuruciyata a ramin zinariya a garin Welkom, can ƙetaren iyaka, na dawo da tari da takalmin roba da yatsu irin na wanda ya yi ta dambe da dutse. Ita kuwa duk tsawon shekarun nan tana gida tana saƙa.

Tun tana yarinya take yi. Kakarta ce ta koya mata, da wayar shinge da aka goge bakinta a dutse, da gashin tumaki da ta tsinto a jikin ƙaya. Ranar da aka kawo mini ita amarya, iyayena suka yanka tunkiya suka raɗa mata Malisebo, wato uwar Lisebo, tun ba a san inda Lisebon take ba. Da aka kwance kayanta, kibiyoyin saƙa sun fi cokula yawa. Ba ta sayarwa, ba ta kuma tambayar ko ana so. Da ta ga wance ta fara yamutsa fuska a kan warin tuwo, sai ta zaro zaren ulu. Hula, safa, da 'yar rigar sanyi mai maɓalli a gaba. Har wata da suka shekara ba sa ga-maciji saboda kaza, ranar da ta haihu sai ga Malisebo a bakin ƙofa da ƙunshi. Ta miƙa, ta juya, ko barka ba ta ce ba.

Rabona a wannan harka, in na zo hutu, shi ne in miƙe hannuwa a rataya mini zare tana naɗewa. Shi ɗin ma sai an yi mini faɗa, wai ina motsi.

Sannan sanyin ƙashi ya shige ta. Ya fara da babban yatsa, ya bi sauran, har suka kumbura suka lanƙwashe. Ba wanda ya sani sai ni, don mu nan kowa a cikin bargo yake wuni, mace na iya shekara ba a ga hannunta ba. Ni nake maƙala mata babban fil ɗin bargonta da safe, ni nake tuƙa tuwon masara a ɓoye, ita ta fito da shi ana cewa ta fara tsufa tun da tuwonta ya fara gudaji. Jarirai biyu aka haifa a lokacin, ta ba su daga abin da ta ajiye. Ajiyar ta ƙare.

Ana nan sai Lisebo ta bugo waya daga Maseru, babban birninmu. Ita kaɗai Allah ya bar mana, kuma ta daɗe da aure shiru, har mun daina tambaya. Ciki gare ta, kuma haihuwar fari a gidan iyaye ake yi, za ta zo in sanyi ya kama.

Malisebo ta yi guɗa har kaji suka watse. Da ta gama, ta jawo kwandon saƙarta ta zauna bakin murhu. Ina kallo ta ɗauki kibiya, kibiyar ta suɓuce ta faɗi. Ta sake ɗauka, ta matse ta a hammata, zaren ya ƙi zama a yatsa. Ta daɗe tana kallon kwandon.

"Na rufa wa 'ya'yan kowa kai a garin nan, har da na maƙiya," ta ce. "Sai nawa ne zai zo ya tarar da ni hannu a dunƙule?"

Na ce a saya a kanti. Ta dube ni kamar na ce a sa wa yaron buhun gishiri. Na ce to a ba Makhauta, ƙawarta tun suna amare, wadda ita ma ta iya saƙa, sai dai bakinta ya fi rediyo nisan zango.

"Baban Lisebo, in ba ka da abin faɗa, je ka duba dokinka."

Tausayinta ne ya kama ni, shi ya sa na yi suɓul da baka. Na ce, "To ba ga ni ba?" Rarrashi kawai nake yi, irin wanda ake yi a wuce. Ta ƙare wa yatsuna kallo ɗaya bayan ɗaya.

"Je ka wanke su," ta ce. "Da sabulu."

Haka muka shiga rufe ƙofa da rana tsaka. Ita a gefena, haɓarta kusan a kafaɗata, ni da kibiyoyi biyu da zare mai launin sararin sama. Soka, zagaya, jawo, sauke. A baki kamar wasa. Ni da na riƙe injin fasa dutse wuni guda ban gaji ba, sai ga ni ina gumi a kan abin da 'yan mata ke yi suna gulma.

"Sassauta. Buhun ulu kake ɗaurewa?"

Na sassauta.

"Yanzu kuma ragar kamun kifi za ka sa wa jikana? Warware."

Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Tun da ba ta iya warwarewa da kanta, ni zan saƙa, ni zan rushe, tana zungurina da gwiwar hannu. Guntun farko da na yi, da aka ajiye shi a ƙasa, tsayawa ya yi da ƙafarsa. Na yi fushi na jefar da kibiyoyin sau ba adadi, na kuma bi su ƙarƙashin gado da rarrafe na ɗauko. A waje kuwa maza sun sami abin yi. In na wuce ƙofar shago sai ka ji an kira ni da Ntate, wato baba a yarenmu: "Ntate Mokete, tsofai-tsofai da ku, wai me ake yi ne a ɗaki ana rufe ƙofa rana na tsaka? A dai tausaya wa ƙugu." Ni kuwa sai in gyara hula in yi murmushin ƙasaita. Gara su zaci hakan.

A kan awo muka yi babban rikici. Ta ce bayan rigar taƙi ɗaya. Na buɗe hannuna na auna, ya fito zai shigi makiyayi. Ta ce ai taƙinta take nufi, ba na jaki ba. Na rage, na rage, har ya dawo ɗan mitsitsi, na haɗa gaba da baya da hannuwa, na ɗinka maɓallai. Amma raina bai kwanta ba. Wane irin mutum ne zai shiga wannan? Gaskiyar magana, ni ban taɓa ganin sabon jariri ba. An haifi Lisebo ina can ƙarƙashin ƙasa, da na dawo tana tafiya. Na maƙwabta kuwa, da an soke kara a jinkar ɗakin mai jego, namiji ba ya shiga sai bayan watanni. Sai na yanke a raina cewa ciwo ya taɓa wa matata lissafi.

Ranar Alhamis ta sa kayan zumuntar mata ta tafi coci, ta bar ni da wani ɗan tunkiya maraya da muke shayarwa da kwalba a bayan murhu. Na dube shi, na dubi rigar. Na ce ai sabon haihuwa sabon haihuwa ne. Na zura ƙafafunsa na gaba a hannuwan rigar, na ɓalle maɓallan ta gadon baya. Ta zauna masa cif. Ina tsaye ina jin daɗin kaina, har na ja da baya in ƙare masa kallo, na jingina da ƙofa ta buɗe, kare ya leƙo ya yi haushi.

Ban san maraya na da gudu haka ba. Ya bi ta tsakanin ƙafafuna, ya tsallake garke, ya miƙi hanyar shago. Ni a baya da takalmin roba, bargo na tashi, tari na sarƙe ni. Mazan ƙofar shago suka miƙe tsaye don kada wani abu ya wuce su. Wani ya ce, "A'a, ashe har an haihu?" Bai tsaya ko'ina ba sai ƙofar coci, daidai lokacin da mata ke fitowa, ya faɗa cikin zannuwansu. Makhauta ce ta cafke shi.

Ta tuɓe masa rigar, ta juya cikinta waje, ta ja ta nan ta ja ta can. Matan garin nan sun san saƙar Malisebo kamar yadda suka san muryarta. Na hango matata a bayansu, hannuwa cikin bargo, fuskarta ta yi fari fat. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ba kunyar kaina ba ce.

"Kai, Malisebo," Makhauta ta ce da ƙarfi yadda kowa zai ji. "Yaran gari sun ƙare, kin koma kan tumaki? To ai shi ke nan, na dabba ba sai an ɓata lokaci ba." Ta dunƙule rigar ta cusa a bargonta kafin wata ta miƙo hannu. Mata suka yi ta dariya, aka miƙo mini ɗana na rungume shi muka koma.

Ba mu daɗe da shiga gida ba sai ga Makhauta. Ta rufe ƙofa da kanta, ta ajiye rigar a kan gado.

"Fito da su in gani."

"Me zan fito da shi?"

"Ke dai. Tun bara nake ganin fil ɗinki a karkace. Na ce ko dai kin makance, ko kuma wannan ne ke maƙala miki." Ta nuna ni da baki.

Malisebo ta zaro hannuwanta daga bargo ta ɗora a cinya. Makhauta mai bakin nan ta sunkuya ta duba su. Can ta ce, "Ba ni zaren. Kafin Lahadi na gama, ba wanda zai sani."

"Ni zan sani."

"To wannan abin za ki sa wa jikanki? Hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Ga warin tunkiya."

"Shekarun da na yi ina ciyar da hannuwan can," Malisebo ta ce tana kallon nawa hannuwan, "ai sun zama nawa. Ba su da kyau, amma na gidan nan ne."

Ina zaune a wurin ake wannan ciniki a kaina, ba wadda ta tambaye ni. Aka sa ni na wanke rigar har fatar hannuna ta yi laushi, aka kuma yanke mini hukuncin hula da safa. Makhauta ta riƙe bakinta, abin da na san ya fi mata haihuwa wuya.

Lisebo ta iso dusar ƙanƙara ta rufe kan duwatsu, da jaka guda ta kayan jarirai da surukanta suka saya a Maseru, masu laushi kamar ƙirjin kaza. Malisebo ta yaba, ba ta taɓa ba. Makhauta ta tare a gidanmu da sunan taya hira, ita ke tuƙi, ita ke wanki, don haka yarinyar ba ta lura da komai ba. Da naƙuda ta zo aka kore ni ɗakin ajiyar sirdi. Namiji aka samu. Aka soke kara a jinka, na zama baƙo a gidana.

Washegari da hantsi na ga ya kamata a duba bangon bayan ɗakin, ko ya tsage. Bangon lafiyarsa ƙalau, amma akwai 'yar taga a wurin. Na ji Makhauta na kwance ƙunshi, sannan na ji dariyar Lisebo, irin ta mai jego da ke tsoron motsa ciki.

"Wannan rigar kuma wa ya yi ta?"

"Ni," in ji Malisebo.

"Haba Mme, uwata. Ko a cikin barci ba za ki yi wannan ba. Dubi wuyan fa. Faɗa mini gaskiya, wace yarinya ce ke koyo?"

Jaririn ya ɗan yi ƙara.

"Sa masa na Maseru, sun fi laushi," Malisebo ta ce.

"To karɓe shi in ɗauko. Tun jiya ba ki ɗauke shi ba, sai leƙe kike yi kamar ɗan wani."

"Ɗora mini shi a cinya." Muryarta ta yi ƙasa har sai da na manna kunne. "Kada ki miƙo mini shi a hannu. Ba zan iya riƙe shi ba, 'yata. Ba na iya riƙe komai."

Ban taɓa jin ta faɗe shi da bakinta ba, ko a gabana. Ina tsaye da guntun laka a hannu, ina danne tari kada ya tona ni.

Sai na ji Lisebo na jan hanci. "Mme Makhauta, miƙo mini rigar," ta ce. "A'a, ba waccan ba. Wadda uwata ta saƙa."

Makhauta ta zagayo zubar da ruwa ta same ni a wurin. Idanunta jawur, amma bakin na nan.

"Ntate, namiji da laɓe? To an sa masa. Sai da aka naɗe hannu ɗaya, kuma hular ta rufe masa ido."

"Ya yi kuka?"

"Barci ya yi, a cinyarta."

Na ce to madalla. Na shafa lakar a bangon da ba abin da ya same shi, na daɗe ina lailaye ta.