Zaren Gwiwar Malam Isyaku

Cikin duk shekarun da na yi a ɗakin gashin ƙashi, akwai wata safiyar Laraba da ban taɓa mantawa da ita ba. A shekarun tamanin ne, lokacin da noman alkama ya kama ko'ina a ƙasar Kura, ina aiki a wani ƙaramin asibiti. Ni ba nas ba ce, ban taɓa shiga aji ba. Aikina shara, dafa ruwan gashi, da riƙe ƙafar maras lafiya. Amma ba a wasa a ɗakina, wannan kowa ya sani.

Shugabana shi ne Malam Lawan, likitan gashin ƙashi, mai zuwa daga Kano duk Laraba. Tun farkon zuwansa ya gane halin mutanenmu. Ka ce wa mutum, "Ya ƙafa?" ko ƙafar ruɓewa take yi, "Da sauƙi" zai ce maka. Sai Malam ya ce, "Iya, mu bar tambayar baki, mu riƙa tambayar gwiwa."

Ga yadda muke yi. Mutum zai kwanta rigingine a kan benci, ya jawo dunduniyarsa iyakar iyawarsa. Ni kuma in miƙa zare daga dunduniyar zuwa wata ƙusa da aka kafa daidai ƙugunsa, in yanke. Sau uku ake yi, a zubar da dogon da gajeren, a ɗauki na tsakiya a rataye a bango, kowa da layinsa. Shi Malam yana da abin awonsa da takardunsa. Zaren dominmu ne da ba mu karatu. In zare yana gajarta mako bayan mako, gwiwa tana lanƙwasuwa ke nan.

Malam Isyaku manomi ne daga wajen Bunkure. Santsi ya kwashe shi a bakin kanal yana ban ruwa, jijiyar gwiwarsa ta tsinke, aka ɗinke ta a Kano. Da aka cire filasta, ƙafar ta sandare kamar taɓarya. Ba ya iya tsuguno a gona, ba ya iya zaman tahiya. Wannan na biyun shi ya fi ci masa rai.

Ran nan sanyi ya sauko da ƙarfi. Isyaku ya zo da sassafe tare da yayansa, Alhaji Tanimu, Malam Lawan bai iso ba. Na auna, sai ga zare ya fi na makon jiya tsawo, har ya fi na wancan makon.

Alhaji ya ce, "To, ka gani da idonka. Baya take komawa. Tashi mu tafi."

Ashe sun riga sun yi magana da wani mutum a ƙauye, wanda ke sa ƙarti su riƙe maras lafiya, shi ya danne gwiwa da ƙarfi har ta yi ƙara. Malam ya sha gaya mini cewa in aka yi wa ɗinkakkiyar jijiya haka, tsinkewa za ta sake yi, mutum ya gurgunce. Isyaku ya kalli zaren, ya sunkuyar da kai, ya fara lalubar sandarsa.

Na ja kujera na zauna a bakin ƙofa.

"Baiwar Allah, ba mu hanya."

Na ce, "Alhaji, hanya tana nan, sai dai ka tsallake ni. Ba mai fita da shi sai likita ya gani."

"Zare ne zai warkar da shi? Ke maɗinkiya ce ko ma'aikaciya?"

"Ko ma wace ce ni, ga ni a ƙofa."

Gaskiya ni ma abin ya ɗaure mini kai, don da hannuna na yanki zaren nan.

Can sai ga Malam a kan babur, yana rawar ɗari. Ya saurari Alhaji har ya gama, bai yi musu da shi ba. Ya ce, "Iya, auna mini sauran." Na auna wani tsoho, na auna wata Bafulatana da saniya ta shura, na auna wani direban tarakta. Kowa zarensa ya fi na makon jiya tsawo.

Malam ya ce, "Alhaji, in ruwa ya ragu a gonarka kai kaɗai, ina kake dubawa?"

"Magudanata."

"In ya ragu a gonar kowa fa?"

Alhaji ya ce, "To, daga babban kanal ne."

"Haka yau. Ba gwiwar ƙaninka ce ta lalace ba, sanyi ne ya ɗaure kowa."

Sannan ya kai Alhaji bango, ya ɗora zaren Isyaku na yau kusa da na ranar farko. Na farkon ya fi shi tsawo nesa ba kusa ba. Ya bi layin da yatsa, wani ya hau, wani ya sauka, amma gaba ɗaya gajarta suke yi. Alhaji ya cire hula ya sosa kai, ya ce, "Iya, sai ki tashi daga ƙofar, ba inda za mu." Daga ranar Malam ya kafa doka: ba a awo sai an gasa gwiwa da ruwan ɗumi, kuma sai hantsi.

Abin da na koya ke nan, ku masu tasowa a aikin nan. Kada ku yanke wa gwiwa hukunci da awon rana ɗaya, kuma kafin ku tsorata mutum, ku duba na kusa da shi. Allah ya saka wa Malam Lawan, da bai raina ni ba, ya mayar mini da lissafinsa abin da idona zai gani.

Wajen lokacin girbin alkama na leƙa ta taga da azahar, na hango Isyaku a gindin darbejiya yana zaman tahiya, gwiwa biyu a naɗe. Da ya sallame na ce, "Malam Isyaku, ya ƙafa?"

Ya ce, "Da sauƙi, Iya."

Ranar ban ɗauko zare ba.