Shekarar da Mata Suka Yashe Mashigi

Bayan garinmu, a kan hanyar Tunuga, akwai wata fadama mai tabki a tsakiya. Ruwanta daga kogi yake zuwa, ta wani siririn mashigi da yashi ke cikewa kowace shekara. Da rani maza sukan yi gayya su yashe shi, sai kogi ya samu hanya idan ya cika. A gefen tabkin mata ke shuka jar shinkafa, irin wadda ke tashi tare da ruwa.

Ina makarantar lakwal a Gaya aka yi rani biyu a jere ba a yi gayyar ba. Kumandan, mai mulkin yankin, ya sa an kwashe majiya ƙarfi zuwa aikin hanya, har da mahaifina. Da na zo hutu na tarar da tabkin ya koma kamar faifai, ƙasar gefensa ta tsattsage. Innata ba ta girbi komai ba a damina ta baya. Abin da ya rage mata tukunya guda ce ta iri, ta liƙe bakinta da laka ta ɓoye a bayan gado. Irin na kakarta ne, kuma duk unguwarmu ita kaɗai ce ba ta ci nata ba.

Matan suka je wurin sarkin ruwa, wani tsoho da ido ya fara gaza masa, suka ce su za su yi yasar. Ya ce bai taɓa jin an yi haka ba, amma kuma bai taɓa jin an hana ba. Sharaɗinsa ɗaya: a fara daga tabki a nufi kogi, a bar bango na ƙarshe a tsaye har sai shi ya ce a fasa.

Da fartanya da ƙorai aka yi aikin. Ni aka ba gyaran gefe, don ba ni da saurin ɗaukar kaya. Nakan daddaɓe ƙasar da tafin hannu har ta yi sumul kafin in matsa gaba. Gwaggona takan tsaya a kaina da kwando ta ce, "Ɗan lakwal, ɗakin amarya kake shafewa ne? Ruwa ne zai bi, ba mushe malaminku ba." Sai in ci gaba da daddaɓawa. Fulanin da ke cin rani kusa da mu suka kawo ciyawar burgu, aka watsa a laka, shanunsu suka tattake ta ciki. Ban taɓa ganin manomi yana kiran saniya cikin fadama ba sai lokacin.

Da ruwan sama ya sauka, Inna ta fasa tukunyar ta shuka duka. Shinkafa ta tsiro, sai sama ta ɗauke. Kogi kuwa ya taso, ja wur, yana lasar bangon nan da bai fi kamu biyu ba. Tsiron ya fara naɗewa. Inna, wadda ba ta saba magana gaban maza ba, ta durƙusa gaban tsohon ta roƙe shi a fasa. Ya sa aka ɗebo masa ruwan a ƙwarya, ya tsoma hannu, ya murza abin da ya kwanta a ƙasa.

"Ƴata, wannan ruwan yashi yake ɗauke da shi. In na buɗe masa yau, zai mayar mana da duk abin da kuka kwashe."

Ta ce, "To, Baba."

Daga ranar muka koma ɗibar ruwa da tulu daga kogi. Gonar ta fi ƙarfinmu, don haka ta zaɓi kusurwa ɗaya ta wajen gangare, muka bar sauran. Ina kallo suka yi fari suka kwanta.

Da jan ruwan ya lafa, tsohon ya zo da sandarsa ya soki bangon. Ruwa ya shiga a hankali, bai ci gefen ba. Tabkin ya cika, burgu ya yi kore, kifi ya dawo kafin mazan su dawo.

Na riga na koma Gaya aka yi girbi. Da na sake zuwa gida na leƙa bayan gado. Tukunyar sabuwa ce, ta fi ta da ƙanƙanta, bakinta a liƙe da laka.