Waya ta Uku

Wayoyi biyu ne a gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi, tawa da ta maiɗakina. Shi ya sa ranar da na duba adadin wayoyin da ke kan waifai ɗinmu na ga uku, sai na sake ƙirgawa.

Akwatin waifai ɗin, wanda ke ba mu intanet, ɗan ƙarami ne, fari. A taga mai kallon lungu na ajiye shi, nan sabis ya fi kamawa. Layin da ke cikinsa da sunana aka yi rajista, da hotona, da zanen yatsuna. Duk ɓarnar da aka yi ta cikinsa, ni za a zo nema.

Na san inda na yi sakaci. Ranar sunan 'yarmu baƙi suka nemi lambar sirri. Ba a hana baƙo, sai na miƙa musu akwatin suka kwafa daga takardar da ke manne a gindinsa. Amma ai suna ya wuce da wata biyu.

Na canza lambar, aka koma biyu. Washegari bayan azahar, lungu tsit, ko akuya babu, ta ukun ta dawo. Na leƙa ta taga. Bango kawai da inuwarsa. Wayoyinmu na ajiye a kan tabarma, fitilar akwatin kuwa sai ƙiftawa take.

"Malam, ka ci abinci mana," in ji maiɗakina. "Ko aljani ne, ai data kawai yake sha."

Ban yi dariya ba. Ranar Juma'a na tarar har sunan waifai ɗin an canza. An rubuta: Mun gode Malam.

Na kai akwatin wurin wani mai gyaran waya a kasuwar Tarauni. Ya juya gindinsa, ya nuna mini wata lamba a takardar.

"Malam, ƙofar zaure ka kulle. Wannan ta baya ce, ba ta canzawa. Wanda ya ɗauki hotonta zai shiga, har ya zama maigida."

Ya toshe ta. Na ce, "To abin da aka riga aka yi da sunana fa?"

"Wannan sai Allah."

A ranar na je aka rufe layin. Amma har yau, in aka yi sallama a zaure da muryar da ban sani ba, sai na daɗe a tsaye kafin in amsa.