Lallen da Inna Ke Saye

Inna ba ta taɓa sayen lalle da ido ba. Takan ɗebi garin ta shinshina, sannan ta murza shi a tafin hannu ta ji ko akwai yashi.

Bayan rasuwarta, bikin ɗiyata ya matso. Na je Ƙofar Rini wurin tsohon da Inna ke sayen lalle a hannunsa. Na nuna garin da ya fi kore shar.

Ya girgiza kai. "Wanga kala anka zuba mai, ɗiyata. Hajiya ko kallonai ba ta yi."

Ya jawo wani buhu daga ciki, korensa a dushe. Na shinshina, sai na ji ƙamshin hannun Inna. Ban taya ba, na ce ya auna mini.