Malam Gide Tafoki, mai gajerar dawa, ya tafi ya bar mu da iri a hannu

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 14 ga Oktoba, 2025, da hantsi, 'yan bindiga suka tare hanyar Damari suka harbe Malam Gide Yahuza Tafoki, yana dawowa daga gonar gwaji. An yi masa sutura a Faskari bayan la'asar. Ni ne Mani Daudawa. Da shi muka kafa ɗan kamfaninmu na irin shuka shekara goma sha shida da suka wuce, kuma tun ranar da aka harbe shi ko ƙarar babur na ji sai gabana ya faɗi.

Malam, ban manta shekarar da wani kamfanin ƙasar waje ya buɗe tashar bincike a yankinmu ba. Sun zo da na'urori, da ɗakin sanyi na ajiyar iri, da albashin da ya fi ƙarfinmu. Cikin wata biyu suka ɗauke mana ma'aikata huɗu daga cikin shida, har da kai. Na yi fushi, na ɗauke ƙafa daga gidanka. Ka tare ni a kasuwar Ƙanƙara ka ce, "Alhaji, bar ni in tahi in gano abin da suka sani. In na ƙoshi, gida zan komo." Ban gaskata ka ba.

Bayan shekara uku sai ga ka. Su masara ce a gabansu, ta manyan gonaki. Da ka kawo musu maganar gajerar dawa, suka ce ba ta da kasuwa. Ko ƙwaya ɗaya tasu ba ka ɗauko ba, ilimi kawai ka zo da shi: yadda ake rufe zangarniya da takarda, a haɗa aure tsakanin iri biyu, a tsare kowanne kada ya gauraya. Sauran ukun har yau ba su dawo ba.

A lokacin manoma sun fara gudun doguwar dawa, saboda miyagu na laɓewa a cikinta. Damina biyar ka yi kana fama, har ka fitar da wadda ba ta wuce ƙirjin mutum, mai nuna da wuri. Matan da aka kashe wa maza kyauta kake auna musu. Ɗaya daga cikinsu, Hajiya Talatu ta Sabuwa, ta zo gaisuwa tana cewa, "Albarkacin irin Malam nike hango mai tahowa tun daga nesa."

Yanzu tsoro ya cika ni, Malam. Iyayen wannan dawa, waɗanda ake haɗa aurensu a fitar da irin, layi goma sha ɗaya ne a gonar gwaji ta Damari, kai kaɗai ka san wanne ne wanne, littafinka kuma ya tafi tare da babur ɗinka da 'yan bindigar suka ƙwace. Ranar Juma'a manoman Damari suka haɗa kai, suka shiga gonar da ransu a hannu, suka yanke kowane layi a buhunsa, suka kawo mini. Ga su nan jingine a shago, babu suna a kan ko ɗaya.

Kamfanin nan sun aiko da ta'aziyya cikin mutunci, sun kuma nemi in ba su ajiyar dawar a ɗakin sanyinsu. In na bayar, ina tsoron ta dawo da wani suna, ta gagari talaka. In na hana, ina tsoron ƙwari su cinye ta a hannuna. Na shawarci maiɗakinka, Malama Hamida, ta ce, "Alhaji, ku raba biyu. Shi ma can ya koyo, nan ya shuka." Haka za mu yi: rabi ya tafi ɗakin sanyinsu, sauran kuma mu jira damina mu shuka, in muna da rai.

Allah Ya jiƙanka, Malam Gide, Ya karɓi shahadarka, Ya sanya kowace zangarniya cikin mizaninka. Ya ba Malama Hamida da 'ya'yanku, Shamsu da Shafa'atu, da jama'ar Tafoki haƙurin wannan rashi. Mu da muka rage, Allah Ya tsare mana hanya, Ya sa mu cika da imani. Amin.